Tun Daga Sakandare Ya Kamata Mu Fara Renon Malaman Makaranta

Duk lokacin da aka tayar da zancen lalacewar ilimi a Arewa, malamin firamare ake fara ɗora wa laifi. Har yau mutane ba su manta da jarrabawar da gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malamanta a 2017 ba, inda aka ce sama da 21,000 cikin kimanin 33,000 suka kasa cin tambayoyin 'yan aji huɗu. An yi ta dariya, an yi ta zagi, an sallami mutane. Tambayar da na so a ce mun tsaya a kanta ita ce: a ina aka reni waɗannan malaman, kuma wa ya rene su?

Shekarata goma sha tara ina riƙe da alli, don haka ba labari aka ba ni ba. Yawancin sababbin malaman da ake turo mana ba koyarwa suka yi mafarki ba. Wani likitanci ya nema, wani lauya ya so zama, da jami'a ta ƙi samuwa sai aka ce masa "je ka yi NCE kafin Allah ya kawo wani abu". Hukumar JAMB ma ta taimaka wa wannan tunanin, don a shekarun baya-bayan nan mafi ƙarancin makin shiga kwalejin ilimi 100 ne cikin 400, alhali na jami'a ya kai 140 ko fiye. Wato da kanmu muka gaya wa yara cewa malanta wurin wanda ya rasa mafita ne.

A da ba haka abin yake ba. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1921 don horar da malamai aka kafa ta. A nan Sardauna Ahmadu Bello ya yi karatu ya koma koyarwa a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koma Midil ta Bauchi, Abubakar Imam ya koyar a Midil ta Katsina. Malam Aminu Kano malamin makaranta ne, ya yi aiki a Bauchi da Maru. Alhaji Shehu Shagari ma daga aji ya shiga siyasa. Yaran da suka fi kowa ƙwaƙwalwa ake tsamowa a kai su koyon malanta.

Daga baya aka samu kwalejojin horar da malamai irin na Toro da Wudil da Maru, da na mata da muke kira WTC. Yaro yana gama firamare zai shiga, ya yi shekara biyar, ya fito da takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu, wadda kowa ya sani da Grade II. A shekarun da tsaransa ke sakandare, shi yana karanta Turanci da lissafi da sauran darussa, sannan yana koyon yadda ake koyar da su: tsara darasi kafin shiga aji, rubutu a allo yadda na baya zai gani, riƙe rajista, gane yaron da bai fahimta ba ko da bai buɗe baki ba. Kuma dole ya je firamare ya yi koyarwar gwaji, malaminsa na zaune a bayan aji yana ba shi maki.

Goggona 'yar WTC ce. Ta yi ritaya da daɗewa, amma har gobe in ta ga jikanta ya riƙe fensir ba daidai ba, sai ta gyara masa yatsu kafin ta amsa gaisuwarka. Ita ta fara nuna min cewa in ka tambayi aji "kun gane?" kowa zai ce "e", don haka kar ka tambaya, kira ɗaya ya zo allo ya yi. Wannan dabarar tana da shekara goma sha shida aka koya mata.

To me ya faru? Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kwararo yara makaranta fiye da malaman da ake da su, aka shiga yaye malamai cikin gaggawa, inganci ya fara sauka. Sannan aka zo da tsarin 6-3-3-4, aka mayar da NCE mafi ƙarancin takardar da za a koyar da ita. Kwalejojin nan aka rufe wasu, wasu aka mayar da su sakandare zalla. Niyyar mai kyau ce, a ɗaga darajar malami. Sai dai mun ɗaga rufin, mun kuma janye tsanin da ake hawa.

Ba ina cewa a dawo da Grade II yadda take ba. Duniya ta canza, kuma ba adalci ba ne a ɗaure yaro ɗan shekara goma sha biyu da sana'a guda har abada. Abin da nake kira a kai shi ne a saka darasin koyarwa a babbar sakandare, ga wanda ya zaɓa. Yanzu haka akwai darussan sana'a a manhaja, irin su ɗinki da kiwon dabbobi da gyaran waya, amma babu sana'ar da ke haifar da duk sauran sana'o'i.

Ga yadda nake hango shi. A SS1 ɗalibi ya riƙa zuwa firamaren unguwarsu sau ɗaya a mako, ya zauna ya kalli gogaggen malami. A SS2 a ba shi yara biyar ko shida da karatu ya yi wa wuya, ya zauna da su kan baƙaƙe da wasula da haɗa kalma. A SS3 ya tsara darasi da kansa, ya tsaya gaban aji na 'yan makonni, a duba shi a ba shi maki. Wanda ya yi fice, gwamnatin jiharsa ta ɗauki nauyinsa zuwa kwalejin ilimi, ta kuma yi masa alkawarin aiki. Wanda ya gwada ya ga ba zai iya ba, ya gane da wuri ya kama wata hanyar, ba sai ya ɓata 'ya'yan mutane shekara talatin ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A makarantar allo gardi ne ke biya wa ƙolo. A Islamiyya 'yar babban aji ce ke riƙe ƙananan in malama ta fita. Akwai wata ɗalibata a SS2 da ke tara yaran layinsu a zaure bayan la'asar tana koya musu karatu, ba wanda ya sa ta, ba ko sisi. Ranar da na ce mata za ta yi kyau da malanta, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, Baba ya ce kar in soma, wahala ce kawai." Ban iya ce mata mahaifinta ya yi kuskure ba, don na san albashina.

Nan ne gizo ke saƙa. Ko wane irin darasi aka saka, in malami zai yi wata biyu yana jiran albashi, ko ya fita da babur haya bayan an tashi, yara suna gani. Dokar 2022 da ta kai shekarun ritayar malamai 65, ko shekara 40 na aiki, ta riƙe tsofaffi a aji, amma ba ita za ta jawo matasa ba. Dole biyun su tafi tare: a reni yaro da wuri, a kuma biya shi abin da zai riƙe gida.

Iyaye, in kun ga ɗanku na da hannun koyarwa, kar ku kashe masa gwiwa. Shugabannin makarantu, ba sai kun jira Abuja ba. Firamaren da ke maƙwabtaka da ku tana da yara saba'in a aji guda, hedimasta ba zai ƙi taimako ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu malaman da za su riƙe mana 'ya'ya da amana.