Kujerar Gefen Taga

  

Abin da zan ba ku labarinsa yau ya faru da ni ne a watan Disambar 2019, kuma in ban da maiɗakina ban taɓa faɗa wa kowa ba, saboda ba labari ne da na fito da farar fuska a cikinsa ba.

Lokacin hunturu ne, hazo ya lulluɓe Kano. Jirgin da zai kai mu Legas ya kamata ya tashi da hantsi, amma har muka yi la'asar muna zaune a filin jirgi. Daga bisani aka ce an canza mana jirgi, saboda haka lambar kujerar da ke jikin katin kowa ta daina aiki, kowa ya zauna inda ya samu. Duk wanda ya san halinmu a tashar mota ya san abin da ya biyo baya. Masu manyan riguna suka tattare su a kafaɗa, masu jakunkuna suka rungume abinsu, aka nufi matakalar jirgi ana ɗan gudu-gudu ana kunyar a ce gudu ake. Ni ma da nake hana ɗalibai turereniya a ƙofar aji, na ɗaga ƙafa. Allah Ya ba ni sa'a na samu kujerar gefen taga a sahu na bakwai, na zauna ina jin kamar na ci wata gasa.

Jirgin irin mai kujeru uku a dama uku a hagu ne. A irin wannan shiga kowa gefen taga yake nema ko gefen hanya, kujerar tsakiya ita ce marainiya. Kafin minti goma duk gefuna sun cika, sai tsakiya ɗaya-ɗaya a warwatse.

A ƙarshen layi wata baiwar Allah ta shigo. Ta sauke goyonta ta rungume shi a ƙirji, jaka a kafaɗa, tana riƙe da hannun wani yaro da bai wuce shekara uku ba, ga wata yarinya 'yar kimanin shekara biyar tana riƙe da gefen hijabinta. Ta tsaya a tsakiyar hanya tana duba dama da hagu. Ma'aikaciyar jirgi ta ɗaga murya, cikin ladabi, ta roƙi ko akwai wanda zai taimaka ya canza wuri don uwar nan ta zauna da 'ya'yanta. Ta faɗa sau ɗaya, ta maimaita. Jirgi ya yi tsit. Wasu suka rufe ido, wasu suka shiga latsa waya. Ni kuwa, kujerar da ke kusa da ni babu kowa, da na tashi ta samu biyu a jere. Sai na buɗe ɗan littafin addu'o'in da ke hannuna na sunkuyar da kai, kamar wanda ya nutse a zikiri. Wallahi ko layi ɗaya ban karanta ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro idan na tuna shi ne, a cikin 'yan daƙiƙun nan zuciyata ba shiru ta yi ba, fatawa take ba ni. Ta kawo mini hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke cikin Bukhari da Muslim, inda Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya tayar da ɗan uwansa daga mazauninsa don shi ya zauna. Ta tuna mini ƙa'idar malamai cewa wanda ya riga kowa isa wurin da aka halatta wa kowa, shi ya fi cancanta da shi. Har hadisin Sahlu ɗan Sa'ad ta jawo, wanda aka kawo wa Annabi (SAW) abin sha, yaro na damansa dattawa na hagunsa, ya nemi izinin yaron ya fara ba dattawa, yaron ya ƙi, kuma aka ba shi haƙƙinsa. Duk waɗannan gaskiya ne, babu ɗaya da na ƙirƙira. Sai dai na yanke hadisin farko a tsakiya, domin ƙarshensa umarni ne da a buɗa wa juna a yalwata wuri, irin abin da aya ta 11 ta Suratul Mujadala ta zo da shi, tare da alkawarin cewa wanda ya yalwata wa wani Allah zai yalwata masa. Shi kuwa yaron nan da ya ƙi, albarkar sauran abin shan Annabi (SAW) yake kwaɗayi. Ni me nake karewa? Kallon gajimare, a ranar da hazo ya hana a ga ko fiffiken jirgi da kyau.

Malamanmu suna da wata ƙa'ida da Imamus Suyuɗi ya kawo a littafinsa na ƙa'idojin fiƙihu, wadda ma'anarta ita ce fifita wani a kan kai abin ƙi ne a al'amarin ibada, abin so ne a waninsa. Wato kada ka bar wa wani sahun farko a masallaci ka koma baya, amma abincinka da inuwarka da mazauninka, nan ne fagen kyauta. Mu kuwa mun juya ta. A masallaci sai ka ga ana "bismillah, shiga gaba", kowa na ja da baya, a jirgi da mota kuwa ko taku ɗaya ba a bari.

Wanda ya tashi a ƙarshe wani saurayi ne, da abin jin kiɗa a kunne da wani irin aski da tun a ɗakin jira na gama yanke masa hukunci a zuciyata. Bai ce komai ba, ya ɗauki jakarsa ya koma wata kujerar tsakiya. Uwar ta samu biyu a jere can wajen sahu na goma sha uku, ta zauna da jariri a cinya, ƙaramin yaron a gefenta. Saura yarinyar. Ma'aikaciyar ta kamo hannunta, ta duba, ta zaunar da ita a kujerar da ke kusa da ni.

Bari in ɗan dakata a nan, domin bayan wannan tafiya na bi diddigin al'amarin, na gane ba mu kaɗai ke fama da shi ba. A wurinmu irin wannan zama yakan zo ne bagatatan, idan an canza jirgi ko wani abu ya rikice. A Amurka kuwa akwai kamfanin Southwest, wanda ya fara jigila a jihar Texas a 1971, ya kuma shafe sama da shekara hamsin ba ya ba fasinja lambar kujera. Abin da yake bayarwa a wancan lokacin shi ne matsayi a layi: rukunin A, B ko C, kowanne da lamba daga 1 zuwa 60. Da yake sun san mai yara ba zai yi tsere da mai jaka ɗaya ba, sai suka ware wa iyalai gurbi: mai tafiya da yaro ɗan shekara 6 zuwa ƙasa yana shiga bayan rukunin A, kafin rukunin B, lokacin da rabin jirgi bai cika ba. To amma ɗan shekara 7 fa? Shi sai yadda hali ya yi, ko kuma a roƙi fasinjoji kamar yadda aka roƙe mu. A watan Yulin 2024 kamfanin ya sanar da cewa zai bar wannan tsari, ya kuma tsayar da 27 ga Janairun 2026 a matsayin ranar komawa ga kujera mai lamba. A Turai easyJet ya bar tsarin tun 2012, Ryanair ya bi baya a 2014.

Lambar kujera ma ba ta kashe maganar ba, domin kamfanoni da yawa sun mai da zaɓen kujera abin sayarwa, wanda bai biya ba kwamfuta ta jefa shi inda ta ga dama, shi gabas ɗansa yamma. Dole hukumomi suka sa baki. A Kanada, tun 2019 doka ta wajabta a zaunar da yaron da bai kai shekara 5 ba dab da mahaifinsa ko mai kula da shi, ba tare da ƙarin kuɗi ba. Daga 5 zuwa 11 a sahu ɗaya, kada ratar ta wuce kujera guda. Ɗan 12 da 13 kada ta wuce sahu guda. Indiya ma a 2024 ta umarci kamfanoninta su zaunar da yaro har zuwa shekara 12 kusa da aƙalla ɗaya daga iyayensa. Wannan tsari ne mai kyau, kuma ina ganin nauyin farko a wuyan masu jirgi yake. Su suka karɓi kuɗi, su ya kamata su kira masu yara su fara shiga, maimakon su bar uwa tana bara a tsakiyar hanya. Amma a ranar da nake ba ku labari babu dokar da ta shigo jirgin tare da mu. Mu ne kawai, da abin da ke zukatanmu.

Mu koma wurin yarinyar. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi kukan da ya fi mini sauƙi. Ta zauna ƙafafunta ko gefen kujera ba su wuce ba, tana ta waiwaye, amma bayan kujera ya fi ta tsawo. Na ɗaura mata bel. Sai ta dube ni ta ce, "Kawu, Ummana tana cikin jirgin nan?" Na ce, "Tana nan bayanmu, 'yata, ba nisa." Ta ce, "To."

Daga nan ma'aikatan suka fara bayanin da kullum ake yi kafin tashi, wanda yawancinmu ba ma saurara. Ranar na saurara. Suka ce idan iska ta yi ƙaranci abin shaƙar iska zai faɗo daga sama, ka fara sa naka sannan ka sa wa yaron da ke tare da kai. Na dubi mutumin da ke gefen hanya, ya riga ya yi barci. Ashe ni ne. Amanar da na guje wa da sunkuyar da kai an kawo ta an ajiye a gefena, ban ma san sunanta ba. Kuma ku sani, ba a amince wa babban jirgin fasinja ya fara aiki sai an gwada an ga za a iya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90, alhali rabin ƙofofinsa a rufe. Wannan lissafi ya ginu ne a kan kowa zai nufi ƙofa mafi kusa. Wace uwa ce za ta nufi ƙofa ta bar 'yarta sahu shida a gaba? Za ta kutsa ne ta saɓa wa jama'a, ta tare hanya, ba kuma wanda zai zarge ta. Ke nan zaman uwa da ɗanta wuri ɗaya kariya ce har ga wanda ya ƙi tashi.

Da jirgi ya fara gudu zai ɗaga, ta damƙe hannun rigata da hannu biyu, ta runtse ido. Na ji ɗan jikinta yana rawa. A lokacin na tuna hadisin da na sha karantarwa, cewa Annabi (SAW) yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro, ya taƙaita, saboda sanin halin da uwar take ciki. Salla ce fa, a bayan mafificin limami, sahabbai maza cike da sahu, babu wanda aka tambaya ko ya yarda. Damuwar uwa guda ta isa a rage wa kowa abin da yake so. Hausawa ma sun ce ɗa na kowa ne, ko da yake mun fi tuna wannan magana idan za mu aiki ɗan wani.

Ba ina cewa iyaye ba su da nasu ba. Na ga masu zuwa a makare da gangan, sannan su tsaya a kan mutum suna magana kamar bashi suke binsa. Na ga mai shimfiɗa jaka da mayafi a kujeru biyar yana kama wa manya ƙarti wuri. Akwai kuma wanda ya zaɓi gefen hanya saboda ciwon gwiwa ko yawan zagayawa, ba dole ne ya yi wa kowa bayanin larurarsa ba. An ruwaito Ibnu Umar ba ya zama a wurin da wani ya tashi ya ba shi, malamai suka ce tsantseni ne, don kada ya zama kunya ce ta tayar da mutumin. Saboda haka mai yara ya yi sammako, ya sanar da ma'aikata tun a bakin ƙofa, ya roƙa da lafazi mai daɗi, ya kuma miƙa kujera mai kyau ya karɓi maras kyau idan musaya ta kama. Ba lallai iyali duka su haɗu a sahu ɗaya ba, babba ɗaya kusa da kowane ƙaramin yaro ya wadatar. Amma laifi tudu ne, kuma a wannan rana babu ɗaya daga cikin waɗannan da matar nan ta yi. Ta zo ƙarshe ne saboda ɗan shekara uku ba ya gudu.

Da jirgi ya daidaita aka kashe fitilar bel, na tashi na je sahu na goma sha uku. Wani dattijo ne a kujera ta uku. Na gaishe shi na ce, "Baba, ko za ka koma wurina, gefen taga ne, yarinyar ta dawo wajen mahaifiyarta?" Ya ce, "Ai da ka faɗa tun ɗazu, ɗana." Ya koma taga, ni na matsa tsakiya, yarinya ta tafi. Duka abin bai ci minti biyu ba.

Da muka sauka Legas, matar ta tsaya a wurin ɗaukar kaya har na iso. Ta ce, "Malam, Allah Ya saka da alheri, Allah Ya raya maka zuriya, Ya haɗa ka da masu taimakonka." Ta yi ta jero addu'a, ina cewa amin kaina a ƙasa. Na ɗaga ido ina neman saurayin nan mai aski don in nuna mata shi, na hango shi har ya kai ƙofar fita, jakarsa a baya, abin jin kiɗansa a kunne.