Zanzibar: Inda Teku Ke Tsayar da Lokacin Cin Abinci

Idan ka tambayi mai gidan abinci a gabashin Zanzibar lokacin da ya fi dacewa ka zo, ruwa zai fara duba kafin agogo. Sau biyu a rana ruwan Tekun Indiya kan cika ya kawo har gindin itatuwan kwakwa, sau biyu kuma ya janye, a wasu wuraren ya yi nisan fiye da kilomita guda, ya bar farin rairayi da 'yan kududdufai suna ƙyalli a rana. Tsakanin cika da janyewa wajen awa shida ne, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Wannan kai-komo shi ke faɗin yaushe masunta za su fita, yaushe za su dawo, me zai shiga tukunya, har ma ko da ƙafa za ka isa teburinka ko a kwale-kwale. Duk abin da ya burge ni game da cin abinci a tsibirin nan, daga nan ya samo asali.

Zanzibar tarin tsibirai ne a gaɓar Tanzaniya, manyansu biyu su ne Unguja da Pemba. Unguja ake nufi galibi idan an ce an je Zanzibar. A 1964 suka haɗe da Tanganyika aka sami ƙasar Tanzaniya, amma har yau suna da nasu shugaban da tasu majalisar. Daga Darussalam jirgin ruwa mai gudu kan kai mutum cikin kimanin awa biyu. Mu dai ta sama muka shiga, ni da maiɗakina, daga Abuja ta Addis Ababa. Mutanen tsibirin kusan dukkansu Musulmi ne, harshensu Swahili, sallama kuwa ita ce mabuɗin kowace ƙofa.

A Jambiani, wani dogon ƙauye da ya miƙe a gaɓar kudu maso gabas, muka ci abincin da har yanzu shi nake fara ba da labari. Wurin rumfa ce kawai da aka yi wa jinka da ganyen kwakwa, irin rufin da suke kira makuti. Babu daɓe, rairayi ne tun daga ƙofa har madafi, saboda haka kowa ya zo sai ya tuɓe takalmi. Teburan kaɗan ne, an ƙera su da katakon tsohon jirgin ruwa, ga ramukan ƙusa nan a jikinsu. A jikin wani ginshiƙi an rataye baƙin allo, an rubuta abincin ranar da alli, an goge wani layi da hannu don abin ya ƙare.

Ruwa ya janye a lokacin, kuma filin da ya bari cike yake da mata. Wasu na zaune cikin ruwa iya ƙugu, da zannuwansu na kanga masu launi, suna ɗaure ciyawar teku a jikin igiyoyin da aka ja tsakanin turaku. Tun 1989 aka fara wannan noma a Jambiani da maƙwabciyarta Paje, kuma mata ne suka riƙe shi. Sukan shanya ciyawar ta bushe, a saya a fitar da ita ƙasashen waje, inda ake tatsar wani sinadari mai kaurara abinci da man goge baki. Wasu matan kuma sun yi nisa can wajen shingen duwatsun murjani, kowace da siririn sanda, suna zungurar ramuka. Pweza suke nema, halittar nan ta teku mai hannuwa takwas da ba ta da ƙashi ko ɗaya.

Muna zaune wata dattijuwa ta hauro da abin da ta samu a cikin bokiti. Saurayin da ke yi mana hidima ya tarbe ta da gaisuwar da yaro ke yi wa babba a can, suka yi ciniki a tsaye, sannan ya juyo wurina.

"Baba, ga pweza yanzu aka fito da shi. A sa muku a miyar kwakwa?"

Maiɗakina ta leƙa bokitin, ta dube ni. "Malam, wannan abin ana cinsa kuwa?"

"Ana ci, Hajiya. Mu Malikawa da su Shafi'awa duk mun yarda halak ne."

Ta ce to, amma sai ta ga yadda ake dafa shi. Mai girkin kuwa ta yi murna, ta ja ta zuwa madafi, ni ma na tsaya daga bakin ƙofa. An riga an bubbuga pwezan a kan dutse har jikinsa ya saki, domin idan ba a yi haka ba tauri yake yi. Ta yanyanka shi, ta ɗora a wuta ba tare da ta zuba ruwa ba, ya fitar da nasa ruwan, ya rikiɗe ya koma ja-ja. Sai ta ɗauko busasshiyar kwakwa, ta ƙwanƙwasa ta da bayan adda ta rabe biyu. Ta zauna a kan wata 'yar kujerar katako mai haƙoran ƙarfe a goshi, wadda suke kira mbuzi, ta riƙa goga ɓarin kwakwar tana jujjuya shi da tafin hannu biyu, farin garin yana zuba a faranti. Ta yayyafa ruwan ɗumi kaɗan ta matse, madara mai kauri ta fito, ta ajiye ta gefe. Ta ƙara ruwa ta sake matsewa, wannan ta biyun mai ruwa-ruwa ita ta zuba a tukunya tare da albasa, tafarnuwa, citta, kurkum da tumatir. Sai da komai ya nuna ta kawo ta farkon ta zuba, ta rage wuta, tana juyawa a hankali don kada ta tsinke. Daga ƙarshe ta matsa lemun tsami.

Mun fi awa guda muna jira, kuma ban ga wanda ya ƙosa ba. Kafin a kawo abincin ruwa ya fara dawowa, matan suka yi ta haurowa da buhuna a ka, ƙananan kwale-kwalen nan masu fiffike biyu na katako, ngalawa, waɗanda ɗazu ke kwance a rairayi, suka fara tashi suna lilo. Aka kawo miyar, rawaya mai kauri, da shinkafar da ita ma a madarar kwakwa aka dafa ta, da yankakken tumatir da albasa mai yaji. Naman ya yi laushi, da ɗan zaƙi-zaƙi, tsamin lemun kuma ya hana maiƙon kwakwar gundurar mutum. Hajiya ta cinye nata, ta nemi ƙarin miya.

A nan aka ba ni labarin wani tsari da ya ƙara mini ganin girman mutanen. Wasu ƙauyukan Pemba da Unguja sukan haɗa baki su rufe wani yanki na duwatsun murjani na 'yan watanni, babu mai taɓa pweza a ciki. Da yake halitta ce mai saurin girma, ranar da aka buɗe sai a yi ta fito da manya-manya. Mutanen da ke cin yau da gumin yau su iya haƙura da abin da ke gabansu saboda gobe, wannan ba ƙaramin hankali ba ne.

Ƙamshin da ke tashi daga tukwanen Zanzibar yana da tarihi. Iskar kaskazi kan kaɗo daga arewa maso gabas tun daga wajen Disamba zuwa Maris, ta kusi kuma ta juyo daga kudu bayan nan, kuma shekaru aru-aru a kansu jiragen fatake ke zuwa daga ƙasashen Larabawa, Farisa da Indiya su koma. Larabawan Oman sun kawar da ikon Turawan Fotugal a ƙarshen ƙarni na 17, daga baya Sarki Sayyid Sa'id ya dawo da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar, ya cika tsibiran da gonakin kanumfari. Shi ya sa za ka tarar da kanumfari, kirfa da masoro a shinkafarsu ta pilau, ka tarar da biryani da capati a faranti ɗaya da rogo da ayaba. Wajibi ne kuma a faɗa cewa bayi ne suka yi noman waɗannan gonaki, kuma kasuwar bayi ta birnin Zanzibar ba a rufe ta ba sai 1873. A wurin da take a da, yanzu coci ne da gidan tarihi, kuma ya kamata duk mai ziyara ya je ya gani.

Gidan abincin da ya fi suna a tsibirin shi ne The Rock, a gaɓar Michamvi. Wani ƙaton dutsen murjani ne a tsaye cikin ruwa, a kansa ɗan gini mai rufin makuti wanda a da masunta ke fakewa a ciki, aka mai da shi gidan abinci a 2010. Da ƙafa muka taka zuwa gindin matakalarsa, muna ratsa 'yan kududdufai da ƙaguwa ke gudu a ciki. Kafin mu gama ci ruwa ya kewaye dutsen ta ko'ina, shuɗi mai haske har kana hango ƙasansa, sai a kwale-kwale aka fito da mu. Girkinsu ya karkata ga salon Italiya, taliya da kifi da jatan lande. Teburan ba su da yawa, don haka sai an kama wuri tun da wuri, kuma sai an yi wa aljihu tanadi. Wanda ya sami hali ya je, ya kuma daidaita zuwansa da lokacin da ruwa ke shirin cika.

A Nungwi, can ƙarshen arewa, ruwan ba ya janyewa da nisa, kuma gaɓar yammacinta tana kallon faɗuwar rana. Garin maƙera jirgi ne. A ƙarƙashin inuwa za ka ga kafintoci suna sassaƙa haƙarƙarin jirgi da gizago, suna toshe tsakanin katako da auduga, babu zane a takarda, duk a ka yake. Da safe ana gwanjon kifi a bakin ruwa: a shimfiɗe kifaye irin su tuna da nguru da changu, mai gwanjo yana kiran farashi, masu gidajen abinci da matan gari suna tayawa. Abin da ka gani da safe a nan, shi za a nuno maka da yamma a kan tire ka zaɓa.

Da la'asar sakaliya ma'aikata kan fito da tebura su jera a rairayi, su kafa fitilu. Jiragen masunta na fita kamun dare, kowane da farin ƙyallensa mai kusurwa uku, suna gilmawa ta gaban rana. Da aka kira magariba na bi wasu ma'aikatan zuwa masallacin cikin gari, muka dawo an hura gawayi. Samaki wa kupaka na ci a daren, wato kifin da ake tsagawa a gasa, ana shafa masa miyar kwakwa da tsamiya da barkono, a mayar kan wuta, a sake shafawa, har miyar ta kama jikinsa ta yi ɗan ƙauri. Na sha ruwan ɗanyar kwakwa da aka fasa a gabana, na rufe da shayi mai citta. Ya kamata mai karatu ya sani cewa yawancin gidajen da ke hidimar baƙi a Nungwi suna sayar da giya, wasu da kiɗa mai ƙarfi. Wanda ba ya son haka ya ɗan taka gaba, akwai rumfunan 'yan gari da ba sa ajiye ta.

Daren ƙarshe a Forodhani muka yi shi, dandalin bakin ruwa na tsohon birni, Mji Mkongwe, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Bayanka tsohuwar ganuwar Omanawa da Baitul Aja'ib, fadar da Sarki Barghash ya gina a 1883, gabanka jirage a kan ruwa. Kafin duhu samari na ta tsalle daga kan katanga suna faɗawa teku, jama'a na shewa. Rana na faɗuwa masu abinci suka kunna fitilu, hayaƙin tsiren da suke kira mishkaki ya turnuƙe wurin. Na lura da abin da iyalan garin ke saya, shi na bi: urojo, wani romo mai tsami, rawaya, da ake zuba masa dankali, soyayyen rogo, tsire, yaji, da bajiya, wadda ƙanwar ƙosai ce. Kusa da mu wani na tura rake cikin injin hannu tare da citta da lemun tsami, ruwan na gangarowa cikin jug. A nan babu tebur, kowa ya sami gefen katanga ya zauna, baƙo da ɗan gari kafaɗa da kafaɗa. A tambayi farashi kafin a ɗora, a kuma zaɓi abin da za a dafa a gaban ido.

Mai niyyar zuwa ya kauce wa Afrilu da Mayu, lokacin ruwan sama mai yawa. Daga Yuni zuwa Oktoba an fi samun sanyin iska. Ya kuma duba kwanan wata, domin a tsayuwar wata da tsakiyarsa ne ruwa ya fi cika ya fi janyewa, a lokacin ne mata ke kaiwa ga ramukan pweza. A watan azumi rumfunan 'yan gari da yawa ba sa buɗewa da rana. Manyan otal-otal na bakin ruwa suna da kyau, sai dai da yawansu na masu jari ne daga waje. Saboda haka roƙona ga duk wanda Allah Ya kai shi, ya ware ko da yini ɗaya ya ci a rumfar ƙauye, inda kuɗinsa zai shiga hannun matar da ta kamo da wadda ta dafa.