Kundin da Nake Ɗinka wa Yarana



A gidajenmu zanen yaro ba ya kwana biyu. Wanda aka yi da gawayi a bango, tsawa ce ladarsa. Wanda aka yi da tsinke a ƙasa, tsintsiyar safe ce ke tafiya da shi. Na takarda kuwa, ƙarshensa hura wuta ko ƙunshin ƙosai. Mu da muka tashi da allo mun saba a rubuta, a wanke, a sake. Allon da ake adanawa shi ne na zayyana ranar sauka, shi ma wani gwani ake kai wa ya zana, ba yaron ba. Shi ya sa da na fara tara zane-zanen yarana uku, surukata ta tambaye ni ko bola zan buɗe a uwar ɗaka.

Kundin ba wani abin kashe kuɗi ba ne. Kwalin taliya nake yankawa gida biyu ya zama bango, in lulluɓe shi da ragowar atamfa daga wajen tela. Shafukan ciki farin kwali ne mai kauri na shagon kayan makaranta. In huda gefe da basilla, in ɗinke da zaren saƙa. Salatif ba ya shiga kundina, domin in ya daɗe yakan yi rawaya, ya saki, ya bar tabo a kan takarda. Kokon rogo yana mannewa da kyau, amma gayyatar kyankyasai ne. Abin da nake yi shi ne in tsaga shafin da reza a wuri huɗu, in soka kusurwoyin zanen a ciki, irin yadda ake yi wa hotuna a tsofaffin albam. Zanen da aka yi da kala mai kaki kuma nakan ɗora masa takarda marar kauri, saboda zafin bazara na sa shi ya shafi shafin da ke kallonsa. A saman sif nake ajiyewa, nesa da bango, don gara ba ta san zumunci ba.

Amma abin da ya sa na kawo maganar nan dandalin marubuta shi ne layin da ke ƙarƙashin kowane zane. Ba na tambayar yaro "mene ne wannan?", don tambayar tana nuna masa bai iya ba. Cewa nake yi, "Ba ni labarinsa." Abin da ya faɗa nake rubutawa da fensir, tare da kwanan wata, ba gyara ko ɗaya. Auta ta zana da'ira mai ƙafa bakwai, ta ce akuyar Hajiya ce, "ta yi ƙafa da yawa don tana gudu." Na sha rubuta gudu a labaraina, ban taɓa kawo shi haka ba. Hannuna yakan yi ƙaiƙayi in daidaita musu Hausar, amma ranar da na yi haka kundin ya zama nawa.

Akwai zane ɗaya da ya kwana uku a ƙarƙashin filona kafin in yanke shawara. Mahaifinsu direban babbar mota ne, Kano zuwa Legas, wani lokaci sai ya yi sati uku ba mu gan shi ba. Babban ɗanmu, yana da shekara 7 a lokacin, ya zana gidanmu. Ga ni da ƙaton ɗankwali, ga ƙannensa, ga Hajiya a kan tabarma, har da randa. Can a bakin takarda, wajen katanga, ga wani ɗan mutum da bai kai tsawon randar ba. Na ce ya ba ni labarinsa. Ya ce, "Abba ne, yana nesa shi ya sa ya ƙanƙance."

Kundi irin wannan baƙi ake nuna wa, kuma kowa na son ya nuna gida mai kyau. Na san zanen zai sosa wa mutumin da ke kwana a titi saboda mu rai. Amma idan na zaɓi masu daɗi kawai, to ba yaron nake adanawa ba, talla nake yi. Na soka shi a shafi na 12, na rubuta maganarsa yadda ta fito.

Da ya dawo, bayan ya ci tuwo na miƙa masa kundin ban ce komai ba. Ya yi ta dariyar akuya mai ƙafa bakwai. Da ya kai shafi na 12 sai ya yi shiru, ya daɗe yana kallo. Sannan ya kira yaron, ya ce, "Zo nan, Babana. In na kwana biyar a gida, girmana zai kai ina?"

Yaron ya auna da yatsa a kan takardar, ya ce zai kai randa.