Mashi: Wurin Maharbin Da Ba Ya Wasa Da Awo

Wanda ya taso daga Katsina zai je Daura ta babban titi, dole ya ratsa Mashi. Garin yana kusan tsakiyar hanya, ƙasar jigawa ce ta gero da wake da gyaɗa, kuma ba ta da nisa da iyakar Nijar. A sarauta Mashi tana ƙarƙashin Katsina, hakiminta shi ne Iyan Katsina, amma a siyasa shiyyar Daura take. Yawancin matafiya sai dai su sayi ƙosai ta tagar mota su wuce. Mu kuwa, ɗalibai huɗu da muka nufi kallon Sallar Gani, mun sauka mun kwana, saboda ɗayanmu yana da kawu maharbi a wani ƙauye bayan gari.

Bindigar Kawu ta toka ce, irin wadda ake yi wa laƙabi da harba-ka-ruga, don in ka harba sau ɗaya ba ka samu ba, gudu ya rage maka. Ta baki ake ɗura ta: albarushi, sai tsumma, sai harsashi, a danna da sanda. Abin da ya ɗauki hankalinmu ɗan guntun ƙaho ne da ke rataye a jikin jakarsa, tsawonsa bai kai yatsa ba. Shi ne ma'auninsa. Yakan cika shi, ya share bakinsa da ɗan yatsa yadda mai awon gero ke share tiya, sannan ya zuba. Ya ce ko gaggawa yake yi ba ya zubawa da ka.

Ɗayanmu ya ce, “Kawu, in an ƙara albarushi ba zai fi kisa ba?” Sai ya yi dariya, ya ce ƙari na kawo ƙara, amma ba ya kawo nama.

Ku ɗauko littafin fiziks ku gwada maganarsa. Harsashi yana barin bakin bindiga yake fara faɗuwa, kuma nisan faɗuwar shi ne ½gt². A ce abin harin yana mita 50. In harsashin na gudun mita 300 a daƙiƙa, zai sauka da kusan santimita 14 kafin ya isa. In albarushin ya ragu gudun ya koma 250, zai sauka da kusan 20. A mita 100 kuwa bambancin ya kai santimita 24, ba a ma saka turjiyar iska a lissafin ba. Zabuwa nawa take? Maharbin da awonsa ke canjawa kullum, tamkar sabuwar bindiga yake riƙewa kowace rana, hannunsa ba zai taɓa sanin inda zai saita ba. Wannan ita ce dokar da malamin lab ke nanata mana: in za ka maimaita gwaji, kada ka canja komai sai abu ɗaya.

Awo kaɗai bai isa ba. Albarushi mai laushi kamar gari ya fi mai tsaki-tsaki saurin kamawa, don haka cikin ƙaho ɗaya na wannan ba daidai yake da na wancan ba. Kawu yakan tankaɗe nasa, kuma in ya sayo sabo sai ya gwada a jikin kututture kafin ya shiga daji da shi. Ga kuma laima. Albarushi na shan danshi, mu kuma a ƙarshen damina muka je, lokacin da ko ashana takan yi gardama. A cikin gora mai toshe yake ajiye shi, can nesa da murhu. Sannan fiye da rabin albarushin da ya ƙone ba ya zama iska, datti yake zama, wani ya fita da hayaƙi, wani ya manne a cikin bututu. Harbi na biyar a bututun da ba a goge ba daban yake da na farko.

Duk da wannan ƙoƙari, bindigar tana da iyaka, don cikin bututunta sumul yake. Turawa sun daɗe da gano cewa in aka yi wa cikin bututu zane mai murɗewa, harsashi zai fita yana juyawa kamar katantanwa, ya tafi a miƙe. A 1849 wani hafsan Faransa mai suna Minié ya fito da harsashin da ya sauƙaƙa ɗura irin wannan bindiga, a 1884 kuma Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi. Mu nan, Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Kumbari, wajen 1731 zuwa 1743, aka kawo bindigogi daga Nufe. Da irinsu da baka da mashi aka tari bindigar Maxim a Kano da Sakkwato a 1903.

Ƙannenmu, akwai ɓangaren da ba na sha'awa ba. Yawancin waɗannan bindigogi maƙeran gida ne ke ƙera su, wasu ma da bututun ƙarfen da ba don harbi aka yi shi ba. In aka cika albarushi fiye da kima, ko aka bar sarari tsakaninsa da harsashi, bututun kan fashe a hannun mai shi. Kawu ya lissafa mana abokan farautarsa biyu, ɗaya ba yatsu uku, ɗaya ba ido. Bai bar ko ɗayanmu ya taɓa kunamar ba, kuma mun ga gaskiyarsa. Dokar makamai ta ƙasa ma ta ce ko bindigar toka ana iya hana riƙe ta sai da lasisi, bisa umarnin 'yan sanda.

Washegari muka ƙarasa Daura. A ƙofar fada 'yan bindigar sarki suka jeru gaban dawaki, kuma a nan kalmar tana nan da ma'anarta ta asali, ba wadda muke ji a labarai ba. Su ba sa saka harsashi, ƙara da hayaƙi ake so, shi ya sa jarabar ƙara albarushi ta fi ƙarfi a wurinsu, musamman ga samari masu son a ce tasu ta fi amo. Muka tsaya nesa muna kasa kunne. Wata ta tashi da ƙara mai kauri, wata ta yi tari kawai ta fitar da farin hayaƙi. Wani dattijo a ƙarshen layi kuwa sau uku ya harba, sau ukun da murya ɗaya, kuma da ya juya muka hango ɗan ƙaho yana lilo a ɗamararsa.