Birnin Harar da Kurayensa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san matsayin kura a wurinmu. A tatsuniya ita ce wawuya mai haɗama wadda gizo ke yi wa wayo, a daji ita ce ɓarauniyar awaki, a kasuwa kuwa ba a ganinta sai da takunkumi a baki da sarƙa a wuya, har aka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Saboda haka da aka ce mana akwai wani birnin Musulmi a gabashin Habasha inda kura ke shiga gari kowane dare ta fita da asuba, ba mai jifanta, ita kuma ba ta taɓa kowa, sai muka ɗauka irin labarin nan ne na matafiya. Da Allah Ya nufe mu da zuwa, sai muka tarar abin gaskiya ne.

Sunan birnin Harar. Yana kan tudu mai sanyi, tafiyar fiye da mil 300 daga Addis Ababa. Tsohon garin yana cikin ganuwa wadda suke kira Jugol, wadda ake danganta gininta ga Amir Nur ɗan Mujahid, wanda ya yi mulki bayan rasuwar Imam Ahmad Gurey a 1543. Kewayenta bai fi mil 2 da 'yan kai ba, asalin ƙofofinta biyar ne, amma a cikin wannan ɗan fili hukumar UNESCO, da ta sa birnin cikin kayan tarihin duniya a 2006, ta ƙidaya masallatai 82 da hubbarorin bayin Allah 102. Lungunan ƙanana ne ƙwarai, akwai wanda mutum biyu ba sa giftawa sai sun gogi juna. Bakano ko Bakatsine ba zai ji baƙunta ba, domin ga ganuwa, ga makarantun allo, ga fatake, sai dai hajarsu gahawa ce da ganyen kat da kwandunan saƙa masu launi. Misirawa sun riƙe garin daga 1875 zuwa 1885, sa'an nan Sarki Menelik ya ci shi da yaƙi a 1887. Da aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta bi ta Dire Dawa a 1902 sai ciniki ya koma can, Harar ta zauna da masallatanta.

Wanda ya zaga da mu ya tsaya a gindin ganuwa ya nuna mana wata kafa ƙasa-ƙasa, wadda muka zaci magudanar ruwa ce kawai. Ya ce ai ta nan waraba ke shiga, watau kura da harshensu. Mahauta da matan gida suna zubar da ƙashi da kayan ciki da ragowar abinci, in dare ya raba kuraye su bi lungu-lungu su kwashe, kafin kiran assalatu sun koma duwatsun bayan gari.

Bayan sallar isha'i aka kai mu wani fili a bayan ganuwa. Wani mutum yana zaune a ƙasa da kwandon nama, yana kira da wata irin murya, yana ambaton sunaye, domin kowace kura ya raɗa mata suna. Can sai ga idanu suna ƙyalli a cikin duhu. Suka matso ɗaya bayan ɗaya, ya riƙa miƙa musu nama a kan ɗan tsinke, wani lokaci ma ya riƙe tsinken da haƙoransa. Ba za mu ɓoye wa mai karatu ba, mun tsaya kusa da mota, bakinmu bai huta da addu'a ba. Wannan wasan ciyarwa bai daɗe ba, an fara shi ne a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, kuma yau baƙi masu yawon buɗe ido ne ke biyan kuɗin naman. Zaman kura da mutanen garin shi ne tsoho.

Wani masani ɗan ƙasar Ostareliya, Marcus Baynes-Rock, ya zauna a Harar yana bin kurayen nan da ƙafa cikin dare, ya fitar da littafi a kansu a 2015. Ya nuna cewa ba taron yuyuyu ba ne: dangi-dangi suke, kowane dangi da yankinsa da iyakarsa, akwai na wajen Sofi, akwai na wajen Aboker, in wani ya ƙetare iyaka a yi faɗa. Masana dabbobi kuma sun tabbatar cewa a wurin wannan kura mai dabbare-dabbare mace ce ke shugabanci, ta kuma fi namiji girma. Muƙamuƙinta yana farfasa ƙashi, cikinta yana narkar da shi, shi ya sa kashinta ke bushewa fari fat kamar alli. Abin mamaki, a dajin Serengeti na Tanzaniya yawancin abincinta farautarsa take yi da kanta. A gari ne ta koma mai shara, domin ta ga abinci a sauƙaƙe.

Binciken da ya fi ba mu sha'awa an yi shi ne a arewacin ƙasar, a kewayen Mekele, inda yawancin mutane Kirista ne 'yan ɗariƙar Orthodox, masu azumin kwana 55 da ba a cin nama a cikinsa. Wani malamin jami'ar garin, Gidey Yirga, da abokan aikinsa suka tattara kashin kuraye suna duba gashin da ke ciki, suka buga sakamakon a 2012. Kafin azumi gashin jaki bai wuce kashi 15 cikin ɗari ba, da mahauta suka rufe sai ya kai kashi 33. Watau da juji ya bushe sai kura ta koma wa jakunan talakawa. Ashe dabbar dawa tana bin kalandar ibadar mutanen da take maƙwabtaka da su. Wani binciken da aka buga a 2021 ya ƙiyasta cewa kurayen Mekele suna cinye mushe da sharar yanka tan 207 a shekara, kuma hakan yana hana mutum biyar da dabbobi 140 kamuwa da ciwon saifa da tarin fukan shanu. Ma'aikatan tsabta da ke karanta wannan shafi sun fi mu sanin motoci nawa da leburori nawa wannan aiki zai ci.

Sai dai akwai abin da ba mu yarda da shi ba, kuma ba za mu yi shiru ba don kara. A daren Ashura wasu suna dama fate da man shanu su zuba a kan duwatsu kusa da hubbarori, a jira kura ta zo. In ta ci da yawa a ce shekara za ta yi kyau, in ta ƙi ci a ce masifa na tafe. Suna cewa asalin abin wata yunwa ce da ta sa kuraye suka far wa mutane, aka ƙulla amana da su a kan fate. Wasu ma suna cewa kura tana cinye aljanu. Ciyar da dabba mai jin yunwa sadaka ce, hadisi ingantacce ya ba da labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare, da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle. Amma neman sanin gobe a bakin kura duba ne, gaibu kuwa na Allah ne Shi kaɗai. Mun faɗi haka ga wani dattijo da muka sha gahawa a gidansa, ya yi murmushi ya ce malamansu ma sun daɗe suna faɗa.

Kada kuma wani ya ɗauka kura ta zama tunkiya. A wasu sassan Habasha ta sha ɗaukar yara da masu kwana a waje, kuma mutanen Harar kansu suna shigar da awakinsu tun da magariba. Zaman ya yi daɗi ne domin cikinta a cike yake, kowa kuma ya san lokacin ɗan'uwansa: rana ta mutane, tsakar dare ta kura. Yanzu gine-gine suna ta cin filayen bayan ganuwa da take bi ta sauko.

A kan hanyarmu ta komawa Dire Dawa hira ta kai mu ga namu mai sharar, watau ungulu. Masu shekaru sun tuna yadda take cika mayankar Kano da ta Zariya da rufin kasuwanni, har yara na korarta da dutse. Yau sai mutum ya yi shekara bai ga ko ɗaya ba. Guba da masu sayen kanta da ƙafafunta don tsibbu sun ƙarar da ita, har a 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Ɗaya daga cikinmu, wanda ya yi shekaru yana aikin duba-gari, ya ce tun da ta ɓace mushe ke kwana uku a bakin kwata, karnuka da ƙudaje ne ke rabonsa.