Tafiyar da Ba Ta da Suna

A hutun ƙarshen shekarar da ta gabata, ni da maigidana muka fita daga gidanmu na unguwar Zariya a Maraɗi bayan sallar asuba, kowa da jakar goyo, karnuka biyu suna biye da mu. Niyyarmu kwana uku a ƙasa: mu je Tibiri, mu biyo gulbi mu gangaro Jiratawa, in ƙafa ta yarda mu ƙarasa tafkin Madarumfa, inda ake cewa waliyyai 99 suna kwance. Ba biki za mu ba, ba ta'aziyya ba, ba kuma cin kasuwa ba.

Karnukan gado ne. Surukina maharbi ne a Tibiri, da ya rasu aka rasa mai riƙe su sai ɗansa. Sunan namijin Ƙyale-su, macen kuwa Sannu-sannu, kuma duk wanda ya san tsohon ya san da wa yake habaici duk lokacin da ya ɗaga murya ya kira su. Ni a gidan da na tashi kare ba ya ƙetare zaure. Sai da na yi aure na ji daga bakin malami cewa a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai. Na karɓi hukuncin, amma jikina ya fi shekara bai karɓa ba.

Ranar farko ba ta da labari, kilomita goma da ɗoriya ne, muka kwana a gidan dangi. A rana ta biyu aka soma tafiya ta gaskiya. Gulbi ya ƙafe, sai rairayi mai cinye ƙafa, ga hazo, ga sanyin da ke fasa leɓe. Ruwan da muka goya rabinsa na karnuka ne. Kowace sa'a sai mun tsuguna a gindin gawo muna cire musu ƙarangiya daga tsakanin yatsu, shi ya riƙe kai, ni in cire. A nan na fara taɓa Sannu-sannu ba tare da na duba ko wani yana kallona ba. A nan kuma muka yi hirar da shekara uku na zaman aure ba su ba mu sararin yi ba, har da faɗa a kan wanda ya manta gishiri.

Abin da ya dame ni a matsayin ɗalibar harshe shi ne tambayar mutane. Duk wanda muka tarar a lambu sai ya ɗago ya ce, "Lahiya? Ina zuwa?" Masu kabu-kabu biyu sun tsaya, ɗaya har ya ce zai kai mu kyauta in kuɗi ne suka yanke. Hausa ba ta rasa kalmomin tafiya ba. Akwai fatauci, da ci-rani, da ziyara, da gudun hijira, da ƙaura. Kakanninmu sun taka har Gwanja neman goro a bayan madugu, kalmar zango da suka bari a hanya ta zama sunan unguwanni a Kumasi da Akara. Wasu sun tafi Makka a ƙasa ta Sudan, da mata da yara, shekara da shekaru. Sai dai kowace daga cikin kalmomin nan tana ɗauke da dalilinta a ciki. Tafiyar da babu dalili sunanta yawo, kuma mun san abin da ake nufi idan aka ce matar wane tana yawo. Maigidan ya gwada "yawon buɗe ido" sau ɗaya, wani dattijo ya dube shi ya ce, "A bayan gidanku?"

Da magariba muka kafa ƙaramin tantinmu a gefen wata gona, ana hango lambunan zogale na Jiratawa. Wauta ce, yanzu na yarda. Kowa ya san halin da ƙauyukan bakin iyaka na yankin Madarumfa suke ciki da ɓarayin daji a shekarun nan, mu muka ɗauka kusancinmu da birni ya isa kariya. Wajen tsakar dare karnuka suka tashi da haushi. Kafin mu fito, hasken tocila ya kewaye mu, samari ne wajen takwas da gora da adduna. Maigidan ya rungume wuyan Ƙyale-su da hannu biyu, domin da ya kufce ya ciji wani, ban san inda daren zai ƙare ba.

Aka tasa mu gaba zuwa ƙofar mai gari. Ya karɓi katinmu na ɗan ƙasa ya juya su a hasken fitila, sa'an nan ya ce, "Mi ya kawo ku?" Maigidan ya ce, "Ranka ya daɗe, tafiya muke yi." Ya ce, "Zuwa ina?" Muka yi shiru. Na yi shekara shida ina karatun harshe, amma a daren nan ban sami kalma ɗaya da zan fanshi kaina da ita ba. Na ji wani a baya yana cewa irinmu ne ake turowa su ƙirga shanun gari.

Karnukan da na yi zaton su ne abin kunyarmu, su suka cece mu. Wani tsoho ya matso da fitila ya duba su, ya tambayi sunansu. Da ya ji, sai ya yi dariya ya ambaci sunan surukina, ashe sun yi farauta tare. Nan take muka sami suna: ɗan maharbi ne ya fito da karnukan ubansa. Ba gaskiya ba ce cikakkiya, amma ba mu musa ba. Saura ni, domin ba a san mace a farauta ba. Uwargidan mai gari ce ta leƙo ta ce, "Ku ba ni ɗiyar mutane, sanyi na kashe ta. Baƙuwa ce." Ta ja hannuna zuwa ɗakinta. Maigidan ya kwana a waje gindin bedi tare da karnuka, saboda ba a yarda su shiga zaure ba, shi kuma bai yarda ya bar su ba.

Ba mu ƙarasa Madarumfa ba. Da safe aka ba mu kunu, aka haɗa mu da yaro ya raka mu bakin kwalta, muka tako zuwa gida.

Labari ya riga mu isa Zariya. Na tarar da Inna zaune a tsakar gidana da mayafinta ba ta cire ba. Ba ta yi faɗa ba, ta ce dai maƙwabta suna tambayarta, ita kuma ba ta san abin da za ta ce musu ba. Na ce, "Inna, ki ce ziyara muka je." Ta dubi ƙafafuna da suka faffashe, ta dubi Sannu-sannu da ta kwanta a kan takalmina, ta ce, "Ziyarar wa?"