Yadda Ake Sanin Shekarun Kwaɗo

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda zai koyar da ilmin halitta a firamare, lalle wata rana yaro zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, kwaɗo yana tsufa?" Ni an yi mini wannan tambaya lokacin gwajin koyarwa, shi ya sa na bi diddigin maganar.

Kaɗan ne ƙwarai suke kaiwa ga tsufa. Macen kwaɗo takan zuba ƙwai dubbai a farkon damina, amma yawancin talibambam ba su ganin tudu. Kifi ya ci, 'ya'yan mazari su ci, tsuntsu ya tsince. Har talibambam na burduddugi ma yakan cinye na ƙananan kwaɗi. Babban abokin gaba kuwa rana ce, gama in kududdufi ya ƙafe kafin ƙafafu su fito, to, ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Girman jiki ba ya nuna shekaru sosai, don a yawancin iri mace ta fi namiji girma, kuma da sun fara haihuwa sai girman ya ragu. Dabarar masana ita ce su yanki kan ɗan yatsa guda, su fere ƙashin siriri, su rina shi, sa'an nan su duba da madubin ƙara girma. A ciki akwai zobe-zobe kamar na kututturen itace. Da rani kwaɗo yakan shige ƙarƙashin ƙasa ya daina ci, ƙashi ya tsaya, watau kowane rani ya bar layinsa. Wannan ya ba ni mamaki matuƙa. Inda ruwa ba ya yankewa sosai, layin ba ya fita da kyau, ƙidayar takan yi wuya.

Abin da ke damuna shi ne kamun burduddugi. Ana kama su da dare a fadamun Arewa, a busar, a kai kasuwannin ƙasar Yarbawa. Ban ga laifin mai neman abinci ba. Amma manya ake zaɓa, manyan nan kuwa galibi mata ne da suka tsallake rani da yawa, su ne kuma masu ƙwai mafi yawa.

A aji, kwalba mai faɗin baki ta isa. A sa talibambam 10 da ruwan kududdufi da ɗan gansakuka, yara su riƙa rubuta ranar da ƙafafun baya suka fito, da ta na gaba. Da wutsiya ta fara shanyewa, sai a mai da su inda aka ɗebo su.